Report + Support: amfaninsa da iyakarsa ga ɗalibin da aka nuna wa wariya a Birtaniya

Ɗalibin da ya zo Birtaniya daga Sin ko Indiya ko Malesiya, aka ci masa fuska saboda launinsa ko yadda yake furta Turanci, galibi wuri guda za a nuna masa: shafin Report + Support na jami'arsa. Kamfanin Culture Shift na Manchesta ne ke samar da manhajar, jami'o'i irin su Manchesta da UCL (University College London) da King's College suna amfani da ita, kowace da ma'aikatanta masu karɓar saƙo. A ganinmu shafin ya cancanci a yi amfani da shi, amma da sharaɗin mutum ya san cewa cike fom ɗin ba shigar da ƙara ba ne. Nan ne ɗalibai da dama ke yin tuntuɓe.

Buƙatarsa a fili take. A watan Oktoban 2019 hukumar daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta fitar da bincike da ya nuna kashi 24 cikin ɗari na ɗalibai 'yan ƙananan ƙabilu sun fuskanci cin zarafi na launin fata, kuma kusan biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa ba su taɓa sanar da jami'a ba.

Da ka buɗe shafin, hanya biyu za ka gani. Ta farko ita ce ba da rahoto ba suna. Za ka zaɓi irin abin da ya faru, wurin, ko ɗalibi ne ya aikata ko ma'aikaci, da ko abin ya shafi launi ko addini. Minti kaɗan ya isa. Sai dai a mafi yawan jami'o'i irin wannan rahoto ba ya buɗe bincike a kan kowa, kuma ba wanda zai kira ka tunda ba a san ka ba. Amfaninsa ƙidaya ne: idan rahoto ya taru daga sashe ɗaya ko ɗakin kwana ɗaya, hukuma ta gani. UCL na wallafa irin waɗannan alƙaluma duk shekara. Mai neman a hukunta wanda ya zage shi bai kamata ya bi nan ba.

Hanya ta biyu kana bayar da suna da imel, sai mai ba da shawara ya tuntuɓe ka cikin 'yan kwanakin aiki. Wannan ce mai nauyi, kuma nan ne rikicin yake. A jami'o'i da yawa abin da ka aika sanarwa ce kawai. Za a saurare ka, a haɗa ka da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a zayyana maka zaɓi, shi ke nan. Ɗalibin da ya taso inda ba a ja da malami zai yi godiya ya tafi yana jiran hukunci, wata uku ta wuce shiru. Mafita ita ce bayan ganawar ka aika imel ka ce ƙarara kana so a ɗauki maganar a matsayin ƙara a hukumance, ka tambayi sunan ƙa'idar da za a bi da ranar da za a ba ka amsa. Ka tafi da mai ba da shawara daga ƙungiyar ɗalibai, domin shi ba a ƙarƙashin sashenka yake ba.

Yadda aka rubuta bayanin shi ke raba ƙarar da za ta tsaya da wadda za ta rushe. Kunya kan sa mutum ya rubuta "ya yi mini rashin mutunci", sai a ajiye takardar cikin saɓanin ɗalibai. A rubuta rana da sa'a da lambar ɗaki, da ainihin kalmomin da Turanci kamar yadda aka faɗe su, komai muninsu. Idan mai cin fuskar ya ja idanunsa da yatsu, ko ya kwaikwayi muryarka a gaban aji, ko ya ce ka koma ƙasarku, a faɗi haka, da sunayen waɗanda suka gani. Hoton saƙon WhatsApp ko WeChat ya nuna sunan mai aikowa da kwanan wata. Hotunan kyamarar tsaro galibi ana goge su cikin kusan wata guda, don haka a roƙi a adana su tun ranar farko. Dokar daidaito ta 2010 ta haɗa launi da ƙasa da asali, kuma tana duba tasirin abin da aka yi, ba niyya kaɗai ba. "Wasa nake yi" ba ya wanke mutum kai tsaye.

Babban raunin shafin ba na manhajar ba ne, na abin da ke bayanta ne. Shafi iri ɗaya, amma saurin amsa ya danganta da yawan ma'aikatan kowace jami'a. Sannan sau da yawa ba a gaya wa mai ƙara cikakken hukuncin da aka yanke wa wanda aka kai ƙararsa, a ce saboda dokar kare bayanai. Daga 1 ga Agustan 2025 hukumar kula da jami'o'in Ingila ta wajabta wa kowace jami'a ta tattara bayanin yadda take bin irin waɗannan ƙararraki wuri guda, tun 1 ga Satumban 2024 kuma ta hana rufe bakin ɗalibi da yarjejeniyar yin shiru. A karanta wannan bayani kafin a taɓa fom.

Abin da ya faru a titi ya fi ƙarfin shafin. Dukan da aka yi wa wani ɗalibi ɗan Singafo a titin Oxford na Landan a Fabrairun 2020, ana jingina masa cutar korona, 'yan sanda da kotu ne suka bi shi. Idan ana cikin haɗari a kira 999, in ba gaggawa 101 ko True Vision, shafin 'yan sanda na kai rahoton laifin ƙiyayya, a jirgin ƙasa kuwa a aika saƙo zuwa 61016. A ce ana ganin wariya ce ta jawo, a kuma karɓi lambar rahoton. Ga 'yan gabashi da kudu maso gabashin Asiya akwai On Your Side, cibiyar tallafi da karɓar rahoton wariya, wadda aka buɗe a 2022.

Tsoron biza na hana mutane magana, alhali kai ƙara ba ya taɓa biza. Abin da ke taɓa ta shi ne ɗalibi ya daina shiga aji don gudun mai zaginsa, tunda dole jami'a ta sanar da hukumar shige da fice idan ya ɓace. Wanda zai yi fashin aji ya rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ya kuma nemi uzurin jarrabawa da wuri. Wannan ya shafi ɗalibanmu na Najeriya da Gana daidai wa daida.

Idan jami'a ta gama ba ka gamsu ba, ka nemi takardar kammala bin ƙara. Da ita ake zuwa OIA, mai sauraron ƙorafin ɗalibai a Ingila da Wales, kyauta, cikin wata 12 daga ranar da ke jikin takardar. Kotu kuwa a ƙarƙashin dokar 2010 wata 6 take bayarwa daga ranar da abin ya faru, kuma ƙidayar ba ta jiran jami'a ta gama bincikenta.