Taswira da hotuna a manhajar waya: abin da zan saya da abin da zan guda

Bara da kaka wata ƙungiyar dillalan hatsi a nan Gombe ta kira ni in duba musu manhajar da wani ya haɗa musu. A baki aikinta mai sauƙi ne. A buɗe taswira a ga inda kowane sito yake, daga Tudun Hatsi zuwa Kumo, Bajoga da Dukku, kowanne da alamarsa, kore in akwai kaya, ja in sun ƙare. A taɓa alamar a ga hoton waken ko masarar da aka ɗauka ran nan da farashin buhu. Shugabansu ya miƙo min wayarsa ya ce, "Injiniya, duba min abin nan. A ofis yana yi, a kasuwa ba ya yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, mu fita da shi mu gani." Muka ɗauki hanyar Dukku. Sabis na raguwa taswirar ta koma fili mai ruwan toka, alamomin na rataye a kan babu. Da muka dawo gari sabis ya dawo, sai hotuna suka taso gaba ɗaya, wayar ta sandare, manhajar ta rufe kanta.

Tun ranar nake auna kowace taswira da tambaya guda: me za ta yi a kan waya mai ƙwaƙwalwa giga 2, a hannun yaron shago, a inda sandar sabis ɗaya ce ko babu? Mutanenmu Tecno, itel da Infinix suke riƙewa, datarsu kuma a ƙirge take. Kuma in faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye, ni MapLibre nake so, wato wani injin zana taswira na kyauta da ake sakawa a cikin manhaja.

Google Maps kowa ke fara tambaya, ba kuma zan raina shi ba. Wajen sunayen shaguna, gidajen mai da asibitocin cikin gari yana da ƙarfi, hoton tauraron ɗan'adam ɗinsa mai kyau ne, kuma nuna taswira kawai a manhajar Android ba a biyan ko sisi. Kuɗin yana wajen sauran hidimomin, wato neman adireshi, zana hanya daga nan zuwa can, da binciken wurare. Tun 2018 sai ka jona katin banki kafin makullinka, wato lambar da Google ke ba ka don manhajarka ta iya jawo taswirarsu, ya yi aiki yadda ya kamata. A watan Maris na 2025 kuma aka cire rangwamen dala 200 na wata-wata, aka ba kowace hidima nata kason kyauta, in ka wuce shi lissafi ya fara, da dala. Wanda ya taɓa fama da katin naira wajen biyan kuɗin waje ya san ciwon kan. Amma ba kuɗi ne ya raba mu ba. Taswirar waya gunduwa-gunduwa take zuwa, kamar tayil ɗin daɓen ɗaki, kowane tayil daga intanet. Manhajar Google Maps da ke wayarka tana barin ka sauke yanki ka ajiye, amma kayan da suke ba masu haɗa manhaja ba su da wannan ƙofar, ƙa'idarsu ma ta hana ka kwashe tayil ɗinsu ka tara. In aikinka bai wuce Jekadafari da Pantami ba, ɗauke shi ka huta. In zai kai Nafada, sake tunani.

MapLibre ya samo asali ne a ƙarshen 2020, lokacin da kamfanin Mapbox ya sauya lasisin injin taswirarsa, sai masu amfani da shi suka ɗauki sigar ƙarshe da ke buɗe suka ci gaba da gina ta da sabon suna. Kyauta ne, ba makulli, ba kati. Shi inji ne kawai mai zana taswira, bayanan kai za ka kawo, yawanci daga OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda jama'a ke zanawa da hannunsu. Kamfanin Geofabrik na Jamus yana ajiye fayil ɗin Najeriya, kowa ya sauke kyauta. Sai ka yanko Jihar Gombe da ƙananan hukumominta 11, ka mayar da ita fayil guda mai ɗauke da tayil ɗin duka, irin MBTiles ko PMTiles, ta hanyar manhajar kwamfuta Planetiler ko tilemaker, ka cusa shi cikin manhajar ko a sauke shi sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi. Shi ke nan, taswira ta zauna a waya.

Ranar da na gwada wa dillalan, da gangan na kashe data tun daga tasha. GPS ba ruwansa da data, da tauraron ɗan'adam yake magana. Ɗigon shuɗin nan ya yi ta tafiya a kan titi, sunayen ƙauyuka na fitowa ɗaya bayan ɗaya, Alhaji shugabansu ya riƙe wayar da hannu biyu yana kallo har muka isa. Da muka tsaya ya ce, "To yanzu an yi abu."

Inda ya fi burge ni shi ne yadda yake ɗaukar alamomi. Ba ka ƙirƙirar kowace alama daban. Ka zuba wuraren duka a fayil ɗin GeoJSON, wato tsarin rubuta wurare da lambobinsu, ka ce masa mai kaya a yi masa kore, marar kaya ja, sai sashen zane na wayar ya zana su tare da taswirar a matsayin shimfiɗa ɗaya. Sito ɗari biyar ba sa nauyaya shi. In aka ja taswira baya, alamomin da suka cunkushe a Tudun Hatsi sai su dunƙule su zama da'ira ɗaya mai lamba, a matso su warwatse, kuma wannan a cikinsa yake, ba sai ka ƙara wani kaya ba. In farashi ya sauya, bayanan kawai za ka musanya, launi ya bi.

Yana da wahalarsa. Haruffa da ƙananan tambura su ma sai ka haɗa su cikin manhajar, in ba haka ba ranar da babu sabis za ka ga tituna ba suna. Zaɓi rubutun da ke da ɓ, ɗ da ƙ, kamar Noto Sans, don Daɗin Kowa ya fito da ƙugiyarsa. A sababbin unguwanni irin na bayan Tumfure kana iya tarar da lungun da ba a zana ba. Buɗe asusu a OpenStreetMap ka zana shi da kanka, amma kada ka kwafo daga taswirar wani kamfani. Dole ka rubuta sunan OpenStreetMap a gefen taswirar, sharaɗin lasisinsu ne. Kada kuma ka jingina manhajar kasuwanci da sabarsu ta kyauta, wato kwamfutarsu da ke raba tayil ta intanet, da gudummawa take tafiya, kuma suna toshe mai yawan ja. In ba ka son riƙe saba, MapTiler ko Stadia Maps suna sayar da tayil da MapLibre ke karantawa.

Akwai wasu kayan taswirar kuma. Mapbox yana da kyau, yana aiki ba sabis, kyauta ne har masu amfani 25,000 a wata, amma ka koma hannun kamfani da lissafin dala. An daina kula da osmdroid tun 2024, kada ka fara sabon aiki da shi. Map Kit na Huawei sai in wayoyin Huawei ne a gabanka. Leaflet a cikin shafin intanet da aka naɗe ya zama manhaja, a ƙaramar waya jan ƙafa yake. Mai aiki da Flutter, kayan haɗa manhaja na Google, flutter_map ya isa in alamomin ba su da yawa.

Hotuna kuwa, su suka kashe wayar Alhaji. Hoton kyamara mai faɗin 4000 da tsawo 3000 ɗigo miliyan 12 ne. Ko da fayil ɗinsa mega 3 ne, in waya ta buɗe shi don nunawa kowane ɗigo yana cin bayit 4, wato mega 48 a ƙwaƙwalwa. Goma sun kai mega 480. Wanda ya haɗa musu manhajar ya ɗora cikakken hoto a kan kowace alama, duka a lokaci guda. Ƙaramin hoto mai 96 da 96 kuwa bai wuce kilobayit 36 ba. Don haka a rage hoto tun a wayar mai ɗauka kafin ya hau saba, a ajiye ƙarami da matsakaici, a tsarin WebP mai rage nauyin hoto, kuma kada a jawo matsakaicin sai an taɓa alamar. Wajen jawo hotuna da ajiye su akwai kayan da ake sakawa a manhaja, ni Coil nake amfani da shi tunda da harshen Kotlin nake rubuta manhaja. Glide tsohon hannu ne, ba laifi. Picasso masu shi da kansu sun ce a koma Coil.

Ga wani tarko da ya shafi kuɗi kai tsaye. Waɗannan kayan da adireshin hoto suke gane shi. In dillali ya ɗora hoton yau da sunan na jiya, waya za ta ce ai ina da shi, ta nuna tsohon. Mai saye ya taso daga Bauchi don farin waken da ya gani, ya tarar an sayar tun makon jiya. Saka kwanan wata a sunan kowane hoto, ka kuma rubuta shi a ƙasan hoton.

Sai lambobin wuri. Garin Gombe yana wajen 10.29 arewa, 11.17 gabas. Google lambar arewa yake fara karɓa, GeoJSON kuwa ta gabas. A wata ƙasa in ka juya su alamar a teku take faɗawa, nan take ka gane. A wajenmu lambobin sun yi kusa, sai alamar ta sauka a Jihar Bauchi, ta wajen Darazo da Misau, ta zauna kamar gaskiya. Duba wuri ɗaya da ka sani da ido kafin ka zuba sauran.

Yanzu maganar da ta fi damuna, domin yawancin masu karanta wannan ba su za su rubuta manhajar ba, biya za su yi a yi musu. Da na buɗe cikin ta dillalan, makullin taswirar ba da sunan ƙungiya yake ba. Na wanda ya haɗa ne, kuma shi ɗin ya saka wa wasu mutanen daban. Duk wata yana karɓar abin da ya kira kuɗin taswira, alhali abin da manhajar ke yi bai kai inda ake biya ba. Ranar da ya ga dama, ko aka rufe masa asusu, taswirorinsu duk su dushe tare. Makulli da sunanka za a buɗe shi, da imel ɗinka, a gabanka. A ɗaure shi da sunan kunshin manhajarka da lambar SHA-1 ta sa hannunta, wato shaidar da ke nuna manhajar taka ce, domin makullin da ba a ɗaure ba kowa na iya zaro shi daga fayil ɗin APK, wanda ake saka manhajar da shi a waya, ya ci da kuɗinka. Kada ka dogara da saƙon gargaɗin da Google ke aikowa in kuɗi ya kai iyakar da ka sa, shi sanarwa kawai yake yi, ba ya tsayar da komai. Iyakar amfani ta kullum ita ke tsayarwa, a saka ta.

Duk wanda ya ce zai yi maka Google Maps mai aiki ba data a cikin manhajarka, ko bai sani ba ne ko satar tayil zai yi, kuma kai za a kama da kayan sata. Akwai masu sauko da manhajar sayarwa da aka fasa, su sauya suna da launi su ce su suka gina. Irin wannan ba ta samun gyara daga mai ita, kuma ba ka san abin da aka dasa a ciki ba. Akwai masu naɗe shafin intanet su karɓi kuɗin cikakkiyar manhaja. Kashe data ka buɗe ta, in farin shafi ya fito ka gane. Wasu kuma su ɗora ta a Play Store da asusunsu, su riƙe fayil ɗin sa hannu, ranar da kuka ɓata ba ka da ikon sabunta kayanka. Buɗe asusun dala 25 ne, sau ɗaya, buɗe naka.

Kada ka yarda da gwaji a babbar wayarsa a ƙarƙashin wayifai na ofis. Ka ce a zuba wurare ɗari uku da hotunan gaske, a saka a wayar yaron shagonka, ku hau hanyar Dukku ko ta Nafada. A kashe data a ja taswira, a kunna a taɓa alamomi ashirin a jere, a sauya hoto ɗaya a ga ko sabon ya fito. Kason ƙarshe na kuɗin ka riƙe shi sai kun dawo, ya kuma miƙa maka ainihin rubutun da aka gina manhajar da shi, makulli da fayil ɗin sa hannu a filashi.