Blasocut 2000 Universal: man sanyaya ƙarfe da ke son kulawa

Wannan man na kamfanin Blaser na Suwizalan, na sanyaya ƙarfe ne lokacin da inji ke yanka shi; ana haɗa shi da ruwa ya zama kamar madara. A kan alminiyam da ƙarfe mai taushi yana da kyau ƙwarai: ƙarfen ba ya maƙalewa a bakin wuƙar inji, zaren kusoshi yana fita sumul.

Wurin haɗawa ake yin kuskure. Man ake tsiyayawa cikin ruwa ana motsawa. In aka zuba ruwa cikin man, sai haɗin ya tsinke. Kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ya isa yawancin aikin injin CNC (injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa), kuma abin da rifiraktomita, wato na'urar auna kaurin haɗin, ta nuna shi ne ainihin kaurinsa. Da zafi ruwa ke ƙafewa ya bar mai, don haka a riƙa ciko da haɗi mai ruwa-ruwa, kamar kashi 2.

Kada a zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyi marasa illa ne ke tsare shi. Man shafa hanyoyin zamiyar inji da ke yawo a saman tanki kuwa, a kwashe shi, in ba haka ba Litinin da safe wari zai tarbe ka.

Yana da tsada, kuma a ruwa mai laushi, wato mai ƙarancin ma'adinai, yakan yi kumfa.