Sharhi kan shafin Particle Data Group da alƙaluman muwon

Duk wanda ke da sabuwar ka'ida a fannin fiziks, yake kuma son gwada ta da abin da aka auna game da muwon, wata ƙanƙanuwar ƙwayar zarra mai kama da elektiron, zai yi wuya ya wuce shafin intanet na Particle Data Group, mai tattara sakamakon gwaje-gwaje kan irin waɗannan ƙwayoyi, wanda cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Amurka ke jagoranta tare da masana daga ƙasashe da dama. Kyauta ake shiga, kuma babban kundinsu kan fito duk bayan shekara biyu.

Sashen muwon tsaf yake. Mai karatu zai tarar da nauyinta, wanda ya ninka na elektiron kusan sau 207, da tsawon rayuwarta, kimanin kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa, kowane adadi tare da gwajin da ya samar da shi da iyakar kuskurensa.

Inda shafin ya fi burge ni shi ne maƙalarsa kan ƙarfin maganaɗisun muwon, abin da ake kira g-2. Bayan kammala gwajin auna g-2 a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka, an ɗauko zoben maganaɗisun mai faɗin kusan mita 15 zuwa Fermilab, wata cibiyar binciken a ƙasar, a 2013, kuma sakamakon Afrilun 2021 ya saɓa wa hasashen 2020 na Standard Model (ka'idar da masana suka amince da ita kan waɗannan ƙwayoyi) da sigma 4.2, wato giɓin ya ninka iyakar kuskuren da ake tsammani fiye da sau huɗu, har mutane da yawa suka ɗauka an gano sabon abu. Sai dai lissafin da ƙungiyar masana fiziks ta BMW (Budapest-Marseille-Wuppertal) ta yi da manyan kwamfutoci ya matso kusa da abin da aka auna, sannan gwajin CMD-3 na Novosibirsk a Rasha ya ci karo da tsofaffin bayanan da aka gina hasashen a kansu. Maƙalar ba ta rufe wannan saɓani ba, ta baje shi a fili, kuma hakan ne ke hana ɗalibi ɗora ka'idarsa kan giɓin da wataƙila daga lissafi ya taso.

Rauninsa biyu ne. Harshen na ƙwararru ne, ba ya sassauta wa sabon shiga, sannan sabuntawa kan zo a bayan labari. Fermilab ta fitar da sakamakonta na ƙarshe a Yunin 2025, da kuskuren da bai wuce kashi 127 cikin biliyan ba, a shekarar da sabon hasashen masana ya dace da ma'aunin. Saboda haka wajibi ne mai bincike ya duba ranar da aka yi wa maƙala gyara, wadda ke rubuce a samanta, kafin ya ɗauki kowane adadi.