Otokilef ɗinmu na teburi bayan shekara guda ina aiki da shi

Ni ce mai kula da kayan aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori da ke kusa da titin Bauchi a Jos. Kujera biyu gare mu, likita ɗaya, sai ni da wata yarinya da nake koya wa aiki. Bara Likita ya sayo mana otokilef, wato injin da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki da tururi mai matsi, na teburi mai cin lita 18, irin wanda ake kira ajin B, muka ajiye tsohuwar tukunyarmu mai murfi da kusoshi. Tunda abokan aiki suna yawan tambayata ko ya ci kuɗinsa, bari in faɗi abin da na gani.

Dalilin sayensa shi ne injin huda haƙori. Madubin baki da awartakin cire haƙori ba su da bututu a ciki, tururi na taɓa su ta ko'ina. Shi kuwa injin huda akwai siraran bututu a cikinsa, iska na maƙalewa a ciki, kuma duk inda iska ta tare tururi ba ya shiga. Tsohuwar tukunyar sai dai tururi ya turo iskar waje a hankali. Sabon kuwa yana da famfo da ke zuƙe iskar, ya saki tururi, ya sake zuƙewa, har sau uku, kafin ya hau digiri 134 ya tsaya na mintuna kaɗan. Akwai zangon digiri 121 mai ɗaukar lokaci fiye da haka, shi nake sa wa kayan roba. Daga rufe ƙofa zuwa bushewa, in wuta ta tsaya, kusan minti arba'in zuwa hamsin ne.

Wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai ranar da mai haɗa injin ya zo: Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, don haka ruwa a nan yana tafasa ne a wajen digiri 96. Ashe tukunyarmu ta da, mai dogaro da allurar matsi kawai, in allurar ta nuna 15, wato matsin da ya kamata ya ba da digiri 121, ba lallai cikinta ya kai wannan zafin ba. Jikina ya yi sanyi da na ji haka. Balle masu tafasa ƙarfe a tukunya kan risho. Ko a Legas tafasa ba ta kashe ƙwayoyin cutar da ke lulluɓe kansu cikin ɓawo. Sabon injin yana auna zafi da matsi kowanne daban, kuma an daidaita shi da tudun garin nan tun ranar farko.

Abin da na fi so shi ne busarwa. Kayan na fitowa cikin ledojinsu a bushe ƙayau, alamar jikin takardar ta sauya launi, in rubuta kwanan wata in jera a durowa. Sai majinyaci ya zauna nake yage ledar a gabansa. Wani dattijo daga Gangare ya taɓa ce mini, "'Yata, an dai dafa ƙarafan nan ko? Ciwon hanta nake gudu." Na ce, "Baba, duba da kanka, yanzu zan buɗe." Tambayarsa a kan hanya take, domin ciwon hanta nau'in B yana iya yin kwana bakwai a busasshen jini yana nan da ƙarfinsa.

Amma injin nan akwai shi da tsirfa. In aka ɗauke wuta yana tsaka da aiki, ya soke zangon ke nan, ƙofa ta ƙi buɗewa sai matsi ya sauka, kayan su fito a jiƙe, kuma leda jiƙaƙƙiya ba a lissafa ta cikin masu tsabta. Sai in sauya leda in faro daga farko. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar sa, dole muka koma kunna babban tun kafin in danna. Ruwa ma sai tatacce. Yarinyata ta taɓa zuba masa ruwan leda don namu ya ƙare, injin ya yi ta ƙara ya ƙi tashi. Daga baya muka sayi ƙaramar na'urar tace ruwa ta tururi. Robar ƙofa ta fara yoyo a wata na tara, kuma wanda ya sayar mana ya sa muka jira mako uku kafin ta iso. Duk mai niyyar saye ya nemi robar ajiya tun ranar ciniki.

Kuma ba ya wanke komai. In jini ko simintin cike haƙori ya bushe a haƙoran awartaki, haka zai fito da shi a gashe. Wanki da buroshi, ɗauraya, busarwa, sa wa injin huda mai, duk suna wuyana kamar da. Kowace safiya ina gwajin shigar tururi kafin kayan farko, kowane mako kuma in sa 'yar kwalbar gwaji mai ƙwayoyin cuta a ciki. Zuwa yau ƙwayoyin cutar da ke cikinta ba su taɓa fitowa da rai ba.

In kuna amfani da injin huda kullum kuma kuna da janareta mai ƙarfi, ku saya. Tsohuwar tukunyar dai tana nan a sito, ban yarda a bayar da ita ba tun makon da muka yi jiran roba.