Sharhi a kan akwatin gwajin gogayya na ɗakin kimiyya

Akwatin yana ɗauke da sifirin, da guntun katako mai giram 200, da allo mai santsi, da rula. Ɗalibaina sun danne sifirin ɗin, mai ƙarfin niyuton 200 a kowace mita (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfin turawa ko ja), da santimita 5, wato sun tara makamashi jul 0.25 a cikinsa (jul shi ne ma'aunin makamashi), sannan suka sake shi, ya tura katakon ya zame santimita 40 a kan allon kafin gogayyar da ke tsakanin katakon da allon ta cinye makamashin baki ɗaya. Da suka raba 0.25 da nauyin katakon, niyuton 1.96, sau tazarar, ma'aunin gogayya, wato lambar da ke nuna ƙarfin gogayyar idan aka kwatanta da nauyin katakon, ya fito kusan 0.32. Abin da ya dame ni shi ne rashin maɓallin sakin sifirin, domin yatsa yakan rage tazarar, ƙurar hunturu kuma takan sauya sakamako idan ba a goge allon ba.