Injin Lemon Kwalba da Muka Tayar a Atlanta: Wasiƙa ga Yayana Mai Gyaran Firji

Assalamu alaikum Yaya. Ya aiki, ya zafin Kano? Ka gaida Hajiya, ka ce mata ina nan lafiya lau.

Hoton jan akwatin nan da na turo maka a WhatsApp ka tambaye ni ko firji ne, kuma ko zai yi riba in cusa irinsa a kwantena. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Injin sayar da lemon kwalba ne, sunansa Vendo 81. Kamfanin Vendo na birnin Kansas City, wanda aka kafa a 1937, shi ya ƙera shi a tsakiyar shekarun 1950. Lambar 81 yawan kwalaben da yake ɗauka ne: kanta tara a jere daga sama zuwa ƙasa, kowace tana cin kwalba tara, kuma an karkata su yadda in aka zare ɗaya ta baya za ta gangaro da kanta. A gefe akwai wata siririyar ƙofar gilashi da ake hango murafen kwalaben. Mutum ya jefa tsaba, ya danna hannun ƙarfe, ya buɗe ƙofar ya fizgo guda. Mabuɗin kwalba na jikinsa, da ɗan aljihun da murafe ke zubawa. Maigidana na gareji ya sayo shi a wani tsohon gidan mai na ƙauye don ya ajiye a ɗakin da kwastomomi ke jira, ya ce tunda ni ne mai gyaran jiki da fenti, ga aiki nan.

Da ka ga yadda ya iso, da ka ce a kira 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. Ƙasansa tsatsa ta cinye har yatsa na shiga. Robar ƙofa ta bushe tana karyewa a hannu. Audugar gilashin da aka cusa tsakanin bango da bango don riƙe sanyi ta jiƙe ta yi baƙi, ɓeraye sun yi gida a ciki sun haihu sun tashi. Warin kuwa ba sai na faɗa ba. Kafin in kwance noti ɗaya sai da na ɗauki hoton kowane lungu, kowane noti da sukurunsa na sa a leda na rubuta inda ya fito. Kantocin na jiƙa su a ruwan zafi da sabulu, daskararren zaƙin lemon da ya shekara sittin yana manne na bi shi da buroshi. Cikin akwatin na wanke da bilic mai ruwa-ruwa, na bar shi a buɗe a rana har warin ya fita.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen karɓar kuɗi. Wani ɗan faranti ne na ƙarfe mai ƙofa, bai fi tafin hannu da yatsu ba, babu lantarki a cikinsa ko kaɗan. Tsaba tana faɗowa sai ta sauka a kan wani ɗan ma'auni da ke gwada faɗinta da nauyinta, in ta yi daidai ya juya ya sake ta, ta gangara ta gaban mayen ƙarfe. Irin ƙarfen da aka yi ta da shi ne ke sa gudunta ya ragu ko kada ya ragu, daga nan ta faɗa ramin karɓa ko ramin mayarwa. Wanki kawai yake so da ruwan ɗumi da sabulu, a shanya ya bushe sarai. Ba a sa masa mai. Na san hannunka, Yaya, da ka ga abu yana cijewa sai ka ɗauko gwangwanin mai, to a nan mai ƙura yake tarawa tsabar ta maƙale. Da na mayar da shi na zaro santi 10 daga aljihuna, wadda aka ba ni canji a kanti da safe, na jefa. Ta wuce ƙyas.

Wannan ne ya tsaya min a rai. Tsabar da aka buga kwanan nan ta yi aiki a injin da ya girmi Hajiya. A 1965 Amurka ta cire azurfa daga santi 10 da santi 25, amma da gangan aka zaɓi haɗin ƙarfen da injinan da ke ƙasar za su ci gaba da karɓa, girman ma ba a taɓa shi ba. Farashin Coca-Cola kansa ya zauna a santi 5 tun daga 1886 har wajen ƙarshen shekarun 1950, kuma injinan nan na cikin dalilan, don tsaba ɗaya suka iya karɓa, ba sa ba da canji. Har shugaban kamfanin, Robert Woodruff, ya nemi gwamnatin shugaban Amurka Eisenhower ta buga tsabar santi bakwai da rabi, ba a biya masa ba. Mu kuwa mun bar fam da sule a 1973, Babban Banki ya sake fito da silalla a 2007, kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ka gaya min wace mai ƙosai ce za ta karɓe su yau.

Fenti aikina ne, amma ko a nan sai da na bi ƙa'idar mutanen. Kafin a kankare tsohon fenti ana gwada shi da wani ɗan tsinke ko akwai dalma a ciki, don sai a 1978 aka hana sa ta a fentin gidaje, kuma ƙurarta guba ce, ta fi illa ga yara. Muka kai jikin wurin masu feshin yashi, suka dawo da shi fes, ƙarfe tsirara. Na yanke ruɓaɓɓen ƙasan na yi waldar sabon falle, na cike lotsawa da fila, na goge da samfefa, na yi fentin ƙasa, sannan ja a jiki, fari a kai, yadda kamfanin ya koma yi a wancan zamanin. Rubutun Coca-Cola da ke gaba bugagge ne a ƙarfen, ya taso, sai da siririn buroshi na bi shi harafi harafi ina riƙe numfashi.

Yanzu ga abin da zai ba ka haushi. Robar ƙofar injin nan, daidai awonta, ana sayar da ita sabuwa. Haka makullin, da hannun ƙarfen, da gilashin, da 'yan takardun da ake mannawa, har da littafin gyara mai zanen yadda wayoyi suka bi. Akwai kamfanoni ƙanana da ba su da sana'ar da ta wuce ƙera kayan tsofaffin injinan lemo, na Vendo da na Cavalier da ake yi a Chattanooga, nan kusa da mu. Na zauna da waya da daddare na zaɓa na biya, cikin mako aka ajiye kwali a bakin ƙofa. Guda ɗaya bai yi daidai ba, na mayar, suka dawo min da kuɗina babu rantsuwa babu kiran shaida. Na tuna yadda kake yini a kasuwa kana neman rileyin firjin da bai shekara goma ba, a ƙarshe ka ciro na wani matacce ka ɗaura.

Sai dai fa duk arhar kaya a nan, hannu wuta ne. Bangaren sanyi ba ni da izinin taɓa shi. Injin da gas ɗin R-12 yake aiki, wanda aka daina yi a Amurka daga farkon 1996 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana cin rufin ozon da ke sararin sama yana kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Doka ta hana a sake shi a iska, kuma sai mai takardar shaida ta hukumar kare muhalli zai saya ko ya zuƙe shi. Muka kira wani mai gyara. Kuɗin zuwansa daban, kafin ya buɗe akwatin kayan aikinsa, sannan a lissafa awa. Ya zo da inji ya zuƙe ragowar gas ɗin cikin tukunya, ya saurari kwamfaresa na ɗan lokaci, ya ce a canza duka a koma R-134a, tunda man da tsohon gas ke tafiya da shi ba ya jituwa da sabon. Bai ko yi tunanin buɗe ta ba. Na ce masa ina da yaya da ke yanka kwamfaresa ya sake naɗin wayarta ya mayar ya yi walda ta ƙara shekaru tana aiki. Ya dube ni yana dariya, ya ce lokacin da zai ɓata a kan haka ya fi kuɗin sabuwa. Gaskiyarsa ce a lissafin nan. Amma a ganina kai ka fi shi sanin firji, shi ya fi ka kayan aiki da doka da ke tsaye a bayansa.

Ba zan ɓoye maka inda nake ganin sun fi mu ba. Tsohuwar wayar injin mai baki biyu ce, robarta ta farfashe. Mutumin ya ƙi jona ta ko don gwaji, sai da aka sa sabuwa mai baki uku da aka ɗaure ta ƙasa a jikin ƙarfen. Akwatin ƙarfe mai jiƙa da yara za su riƙa taɓawa ba abin wasa ba ne. Firji nawa ke jan mutane a shagunan unguwarmu ana cewa a taka katako kawai? Sakin gas a iska da yaranka ke yi in za su yi walda, shi ma ka duba shi, balle yanzu da sababbin firji ke zuwa da R-600a mai kama wuta.

Da aka gama sai matsalar lemon da za a zuba. A nan gwangwani da roba suka cinye kasuwa, kwalbar gilashi ta zama kayan marmari, ta fi tsada, kuma in an sha jefarwa ake yi. Jihohi goma ne kawai ke da dokar ajiye kuɗin kwalba, Jojiya, jihar da Atlanta take, ba ta ciki. Da yawa suna neman Coca-Colan da ake shigowa da shi daga Meziko don da sukarin rake ake yinsa, na nan kuwa tun shekarun 1980 zaƙin masara ake sa masa. Da na ba maigidana labarin cewa a gida har gobe motar kamfani na zuwa ta kwashi kiret ɗin kwalabe a wanke a sake cikawa, kuma yaro ba ya barin shago da kwalba sai ya ajiye wani abu, cewa ya yi haka ake yi yana ƙarami. Abin da suke biyan kuɗi don tunawa, mu muna cikinsa.

Batun kwantena kuwa, kada ka sa rai. Wanda aka gyara tsaf dubban daloli ake sayar da shi, masu tara kayan tarihi ke rububinsa, nauyinsa ya fi buhun siminti biyu. Wutar nan bolt 120 ce mai zagaye 60, tamu 230 mai zagaye 50, ko ka sa taransifoma kwamfaresar ba za ta ji daɗi ba, ga ɗaukewar wuta. Babu tsabar da za a jefa masa. In aka cire wajen kuɗin ya zama firji mai cin kwalba 81, alhali firizar da ke shagon maƙwabcinka ta fi shi ɗauka. Kuma mai shagon yana ba da bashi, yana canza wa mutum in lemon bai yi sanyi ba.

Abin da zan sako maka in mai tafiya ya samu shi ne agogon gwada gas mai tiyo uku, da na'urar gano yoyo mai aiki da batir, da abin buɗa bakin bututun tagulla. Famfon zuƙe iska na bar shi sai na sami mai cin 230. In kuma ka ci karo da tsohon akwatin sanyin lemo na ƙarfe a wajen 'yan gwangwan, irin mai rubutu bugagge a jiki, kada ka bari a sare shi. Ka ɗauki hoton ɗan farantin da ke ɗauke da lambarsa ka turo min, zan duba ko ana samun robarsa a nan.

Ka gaida yaran shago. Ƙaninka.