Rumbun bayanan ACLED a hannun mai binciken rikicin ƙabilanci a Zamfara da Kebbi: sharhi

Ɗalibin kimiyyar siyasa ko tarihi a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Birnin Kebbi, muddin ya ɗauki rikicin manoma da makiyaya ko ta'asar 'yan bindiga a matsayin batun kundinsa, da wuya ya yi nisa ba a ce masa ya je ya duba ACLED ba. Shawarar ba ta da laifi, sai dai rabinta ake faɗa. Rumbun ya ƙware wajen gaya maka yaushe da kuma ina. Da zarar tambayarka ta koma su wane ne, kuma wace ƙabila ce, nan ne ƙafar ɗalibai da yawa ke zamewa.

ACLED rumbu ne a intanet da ke tattara labarin tashe-tashen hankula na siyasa da zanga-zanga. Farfesa Clionadh Raleigh ce ta assasa shi, bayanansa na Afirka sun faro daga 1997, kuma duk mako ake ƙara sababbi. Sai ka yi rajista kafin ka sauke komai, kuma gara ka yi da imel ɗin makaranta, domin da shi ake gane cewa aikin ilimi ne ya kawo ka. Ka zaɓi Najeriya da shekarun da kake so, ka sauke jadawalin, ka buɗe shi da Excel, sannan ka tace jiha. Kowane layi lamari ɗaya ne a wuri ɗaya a rana ɗaya: kwanan wata, ƙaramar hukuma, gari, ɓangarorin da abin ya shafa, inda aka samo labarin, taƙaitaccen bayani, da adadin mamata. An kasa al'amuran gida shida: artabu tsakanin masu makamai, fashewar bam da hari daga nesa, hari kan fararen hula, zanga-zanga, tarzoma, sai wasu muhimman sauye-sauye da ba lallai a zubar da jini a cikinsu ba.

A nan ya cancanci yabo. Cikin yini ɗaya za ka iya jera ƙananan hukumomi 14 na Zamfara da 21 na Kebbi, ka ga shekarar da abin ya tsananta a Maru, Anka, Zurmi ko Shinkafi, ka kuma bi sawunsa yadda ya gangaro masarautar Zuru ta Danko-Wasagu da Sakaba. Aikin da zai ci watanni ana tonon tsofaffin jaridu ke nan. Ya kuma fi rumbun Jami'ar Uppsala kama ƙananan al'amura, tunda su can sai rikici ya ci rai 25 a shekara kafin ya shiga lissafinsu.

Amma a kula da gurbin sunayen ɓangarori, domin shi ne tarkon. Za ka tarar da laƙabi irin su mayaƙan ƙabilar Fulani, mayaƙan al'ummar Zamfara, ko kuma 'yan bindigar da ba a tantance ba. Mai gaggawa sai ya ƙirga layukan da ke ɗauke da sunan Fulani, ya fitar da kaso, ya rubuta cewa ya auna rikicin ƙabilanci. Bai auna ba. Abin da ya auna shi ne sau nawa majiyar labarin ta ambaci ƙabila. Ma'aikacin da ya shigar da bayanin bai je inda abin ya faru ba, a ce Ɗansadau ta ƙaramar hukumar Maru. Rahoto ya karanta, wanda ɗan jarida ya rubuta daga Gusau ko Abuja bayan ya yi waya da mutum ɗaya ko biyu. Idan rahoton ya ce makiyaya, laƙabi ɗaya zai fito. Idan ya ce 'yan bindiga, wani daban zai fito, alhali mai yiwuwa daba ɗaya ce ta kai harin duka biyun.

Wanda ya san yankin ya san abin ya fi haka sarƙaƙiya. A cikin harkar akwai masu kai rahoto daga cikin gari, da masu kai mai da abinci daji, da dillalan shanun sata, kuma ba ƙabila ɗaya ba ce. Akwai rugagen Fulani da aka kore wa shanu tun kafin abin ya iso ƙauyukan manoma. Akwai kisan da 'yan sa-kai suka yi wa Fulani a kasuwanni, wanda sau da yawa ba ya samun mai kai shi jarida. Jadawalin ba shi da gurbin ƙabilar wanda aka kashe sai in majiyar ta faɗa.

Sannan ita kanta ƙabilar ba dutse ba ce da aka dasa. Kalmar Bahaushe a nan ta lulluɓe Bazamfare, Bakabe, Bagobiri da Bakatsine, kowa da tarihin sarautarsa. Fulanin gida da suka daɗe da barin Fulatanci ba a ma'auni ɗaya suke da Fulanin daji ba, ko a idon juna. A Yawuri, masanin ɗabi'ar al'umma Frank Salamone ya yi rubutu tun a shekarun 1970 kan yadda Gungawa ke rikiɗewa su zama Hausawa ta hanyar musulunta da sauya harshe da sana'a. A ƙasar Zuru kuwa ga Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, ga Fakkawa, Dukkawa da Kambari, kuma gida ɗaya kan haɗa Musulmi, Kirista da mai bin al'adar gargajiya. Wanda ya karanta ra'ayin cewa iyakar da mutane ke shatawa tsakaninsu ita ce ƙabila, ba jini ba, sannan ya dawo ya ɗauki laƙabin jadawali a matsayin hujja, ya warware abin da ya kafa a babin bitar ra'ayoyin masana da hannunsa a babin nazarin bayanai.

Adadin mamata ma sai da lura, kuma su kansu masu rumbun sun ce shi ne ɓangaren da ya fi rauni. Ƙa'idarsu ita ce, in rahotanni suka saɓa kuma babu wanda ya fi inganci, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Duba harin ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Janairun 2022: gwamnatin jiha ta ce mutum 58, mazauna yankin suka ce kusan 200. Tazara irin wannan ita kaɗai ta isa ta juya sakamakon shekara guda. Idan kuma rahoto ya ce an kashe mutane bai faɗi adadi ba, ana sa 3 ko 10 gwargwadon yanayin wurin. Saboda haka in ka ga 10 na ta maimaituwa, ka koma ka karanta bayanin layin kafin ka tara.

Garkuwa da mutane ta fi ba da wahala. Babu gurbin adadin waɗanda aka sace. Yana cikin taƙaitaccen bayani ne, sai ka bi layi-layi ka tsamo da hannu. Sace 'yan matan makarantar Jangebe a ranar 26 ga Fabrairun 2021 layi ne kamar kowane layi, daidai da sace mutum biyu a hanyar gona, ga shi kuma adadin da aka fara faɗa 317 ne, daga baya ya tsaya a 279. Haka harin kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021. Satar shanu kan faɗa rukuni na shida, wato na muhimman sauye-sauye, wanda ba a tattara shi da tsari irin na sauran, don haka kada a gina ƙididdiga a kansa. Harajin da ake ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya yi noma ko girbi, da sulhun da gari ke yi da ɗan bindiga a asirce, waɗannan kusan ba za ka gan su ba, alhali su ne rayuwar yau da gobe a wurare da dama.

Masu zana taswira da manhajar QGIS su duba lambar daidaiton wuri. Lamba 1 na nufin an san garin, 2 na nufin kusa da shi ko wani yanki, 3 kuwa yanki ne mai faɗi, sai a ɗora lamarin a kan babban gari. Wanda bai tace ba zai ga Gusau ta yi jajir, ya ɗauka a cikin birnin ake yaƙin. Kwanan wata ma yana da irin wannan lamba: rana, mako ko wata. Ga kuma rikicin rubutun suna: babu haruffa masu ƙugiya, ana iya samun Tsafe da Chafe, kuma Tungar wane da Gidan wane sun yi yawa, har a jihohi daban-daban. Excel shi ma kan juya rana da wata in tsarin kwamfutar na Amurka ne, sai 3 ga Satumba ta koma 9 ga Maris.

Watannin ƙarshen 2021 suna buƙatar bayani na musamman a kowane kundi. A farkon Satumbar shekarar aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako. Duk sauƙin da ka gani a jadawali a wannan tsakanin, ba za ka iya rantsuwa cewa harin ne ya ragu ba. Mai yiwuwa labarin ne ya rasa hanyar fita.

Hukuncinmu: a yi amfani da shi, kyauta ne ga ɗalibi kuma babu kamarsa wajen tsara lokaci da wuri. A gwada shi da Nigeria Watch, wani rumbun da ke ƙirga mace-macen tashin hankali tun 2006. Batun ƙabila kuwa a nemo shi ta hira da masu unguwanni, arɗo-arɗo, 'yan gudun hijira da shugabannin 'yan sa-kai, kowa a ji yadda yake kiran kansa da yadda yake kiran ɗan'uwansa. A rubuta ranar da aka sauke jadawalin a cikin kundin, a kuma adana kwafinsa, domin ana gyara tsofaffin layuka in sabon bayani ya fito, kuma adadin da ka kai wa malaminka a watan jiya zai iya bambanta da wanda mai jarrabawa zai gani ranar kare kundi.